Abin da Ɗanmusa Ya Bar wa Ma'u

Saura kwanaki kaɗan Ma'u ta fita takaba, amma matan unguwar bakin tasha a Dutsin-Ma sun riga sun ɗaura mata aure da bakinsu. Kowacce ta shigo gaisuwa sai ta yi wa mamaci addu'a a gurguje, sannan ta rage murya ta ce, "Ke dai kin yi sa'a, wallahi. Ba za ki bar ɗakinki ba, ba za a raba ki da ɗiyarki ba, sannan dubi wanda za a ba ki."

Ba laifinsu ba ne. Kowa ya san Ya'u, ƙanin marigayi Ɗanmusa, shi ya fara ganin Ma'u a kasuwar Kurfi, tun yana ɗalibin kwalejin horon malamai, ko keken hawa ba shi da shi. Wansa kuwa direban babbar mota ne mai kai shanu kurmi. Shi ma ya ga yarinyar, bai san da maganar ƙaninsa ba, ya aika manya. Ya'u ya haɗiye abinsa, shi ya ma fi kowa zirga-zirga ranar biki. Ma'u kuma kunya ta ɗaure mata baki. Ga shi yanzu Ya'u ya zama malamin firamare a Shema, an yi masa tayin 'yan mata har an gaji, ya ƙi aure.

Ita Ma'u, a faɗi gaskiya, ta yi kukan mijinta tsakani da Allah. Mutum ne mai raha, bai taɓa dawowa daga tafiya hannu wofi ba. Ta yi jinyarsa wata da watanni, tana kallon ƙaton namiji yana narkewa, ga zawo, ga tari, ga ƙuraje a baki, har ya koma ita kaɗai take ɗaga shi. Uwarsa Hajiya Rabi'atu ta rantse sammu ne abokan sana'a suka yi masa. An sha rubutu, an yi turare, wanzami ya yi ƙaho, mai kemis ya zuba allurai, Allah ya karɓi abinsa.

Amma tun ranar da Hajiya ta fara cewa, "Gidan Ɗanmusa ba zai watse ina raye ba," tana faɗa tana kallon Ya'u, wani abu ya farka a zuciyar Ma'u. Ta yi istigfari, abin ya ƙi kwanciya. Mace mai takaba tana murna a ɓoye! Ita kanta kunyar kanta take ji.

Ran nan da hantsi, Hajiya ta tafi barkar haihuwa, Ma'u tana tankaɗe a ƙofar ɗaki, sai ga Salomi ta yi sallama. Salomi nas ce, mutuniyar kudancin Kaduna, suna haya ita da mijinta Yunana a gidan da ke jikin nasu. Ita ta riƙa shigowa tana wanke wa Ɗanmusa ƙuraje a ƙarshen kwanakinsa, ba ta taɓa ƙyamarsa ba.

Yau ba ta tsaya wasa da Fatu ba, ɗiyar Ma'u da ke rarrafe kusa da turmi. Ta ja kujera 'yar tsugune ta zauna dab da Ma'u.

"Maman Fatu, gaskiya ne abin da nake ji? Ya'u za a ba ki?"

Ma'u ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. "Kai, Sista. Ina cikin takaba, ina ni ina wannan magana?"

"Ajiye rariyar nan ki dube ni."

Ma'u ta dube ta, gabanta ya faɗi. Idon Salomi ya yi ja.

"Kin tuna tafiyarsa ta ƙarshe, da ya daɗe a Legas, aka ce mota ce ta lalace?"

"Na tuna."

"Ba mota ba ce. Asibiti aka kwantar da shi. Sun ɗebi jininsa sun auna. Likita ya gaya masa ciwon nan ne da aka fara faɗa a rediyo. Ƙanjamau."

Ma'u ta yi wata 'yar dariya wadda ba ta san ta fito ba. "Haba, Sista. Wannan ai ciwon Turawa ne. Ciwon matan bariki ne. Mi ya haɗa shi da gidanmu?"

"Hanya ta haɗa shi. Kin san rayuwar direbobi, wata guda mutum yana kan titi. Ba na zaginsa, Allah ya ga zuciyata."

"To ni fa? Ni ban taɓa sanin wani namiji ba sai shi."

"Na sani. Ta wurin miji ma mace tana ɗauka."

Rariyar ta sulluɓe daga hannun Ma'u, gari ya watse a ƙasa. Ta dubi hannuwanta, ta juya su ciki da baya. Lafiyayyun hannuwa ne, ba ƙurji ko ɗaya.

"Ina da shi?"

"Ban sani ba. Wallahi ban sani ba. Mutum yana iya shekaru da shi a jiki, yana ci yana sha, ba wanda zai gane. Nan kusa ba mu da abin gwaji, sai an yi doguwar tafiya."

"Wa zai bar ni in yi doguwar tafiya? In ce masu za ni ina, wurin wa?" Hawaye suka zubo mata. "Don mi bai gaya mini ba? Ni nake wanke masa kashi, Sista! Ni nake ba shi kunu a baki!"

"Ya yi niyya ya fi sau nawa, ya ce ba zai iya kallon idonki ba. Ya riƙe hannuna ya sa na yi alkawari in ya tafi in gaya maki. Ni kuma na yi ta jan ƙafa, ina cewa bari ta huta da kuka." Salomi ta share ido da bakin zane. "Amma yanzu ba zan iya shiru ba. In yana jikinki, kika shiga ɗakin Ya'u, to shi ma kin san inda za shi."

Ma'u ta toshe bakinta da hannu biyu don kada maƙwabta su ji.

"Kuma ki rufa mini asiri," in ji Salomi tana miƙewa. "Mu baƙi ne a garin nan. In aka ji ta bakina ta fito, ranar za a watso mana kaya waje. Ke ma ki yi hankali da wanda za ki gaya wa. Ba a ɗauka ta kwano, ba a ɗauka ta gaisuwa ko ɗaukar yaro, amma wa zai tsaya ya saurare ki?"

Aka fita takaba. Aka yi wa Ma'u kitso, aka sa mata lalle, aka raba waina sadaka. Mata suka yi ta yaba yadda ta yi fes, suna cewa Ya'u ya caɓa. Ita kuwa duk wanda ya ce ta yi kyau sai ta ji kamar ya tsikare ta da tsinke.

Washegari bayan la'asar aka ce Malam Ya'u yana sallama a zaure.

Ta same shi zaune a bakin tabarma, ya sha farar riga, ya rasa inda zai sa hannuwansa. Wannan Ya'un da ke tsokanarta da "matar Yaya, tuwonki ya yi gishiri," yau ga shi yana in'ina kamar ɗan aji ɗaya.

"Ma'u, ba sai na yi dogon zance ba. Kin san abin da ke raina tun Kurfi. Ban taɓa yi wa Yaya fatan mutuwa ba, Allah shaida. Amma tun da Allah ya hukunta haka, ni zan riƙe ki, in riƙe Fatu."

Ta durƙusa nesa da shi, kanta a ƙasa. "Malam Ya'u, ka yi haƙuri."

"Malam? Yau kuma ni ne Malam?"

"Ka nemi wata. Ga 'yan mata nan cike da gari."

Ya yi murmushi, ya ɗauka jan aji ne irin na zawarawa. "To na ji. Sau nawa kike so in zo? Takalmina sabo ne."

"Ko sau nawa ka zo, amsar ke nan."

Murmushin ya ɗauke. Ya gyara zama. "Wani ya riga ni?"

"Ba kowa."

"Na yi maki wani laifi?"

"Ba ka taɓa yi mini laifi ba." Muryarta ta karye. "Da ma ka yi."

"To mi ne ne? Kunyar Yaya kike ji? Addini bai hana ba, Hajiya ce ma ta fara kawo maganar. Ma'u, dube ni. Wancan karon na yi shiru, ke ma kika yi shiru, muka cuci kanmu. Ba zan sake shiru ba. Faɗa mini abin da ke tsakanina da ke."

Maganar ta zo mata har bakin harshe. Ta ɗaga kai ta gan shi, lafiyayye, wuyansa a cike, idonsa tar a kanta. Sai ta tuna wuyan wansa a makon ƙarshe. In ta faɗa masa, ta san Ya'u sarai: ko dai ya ce ƙarya ce, ko ya ce ya ji ya gani, a haka yake so. Kuma in ya roƙe ta da wannan muryar, ba ta da tabbas za ta iya ƙi.

"Don Allah ka tashi ka tafi," ta ce tana kuka. "Don darajar iyayenka ka tafi."

"Kina kuka kina korata. Wanne zan ɗauka?"

Ta tashi da gudu ta shige gida, ta bar takalminta ƙafa ɗaya a zaure.

Hajiya Rabi'atu ba ta iya ɓoye fushi ba. Kwana biyu ba ta amsa gaisuwar Ma'u, rana ta uku ta aika Kurfi a kira ubanta.

Malam Ummaru ya iso ranar Asabar da hantsi. Dattijo ne mai awon hatsi a kasuwar Kurfi, mai magana ɗaya, ba ya son a ja masa rai. Aka shimfiɗa masa tabarma a gindin darbejiyar tsakar gida. Hajiya ta zauna a ƙofar ɗakinta. Matan maƙwabta, waɗanda ba wanda ya gayyace su, kowacce ta tuna tana da aron da za ta yi a gidan, suka taru a bakin madafa. Ya'u ya tsaya can ƙofar zaure, ya harɗe hannuwa.

Ma'u ta fito goye da Fatu, ta durƙusa gaban ubanta.

"Asma'u," in ji Malam Ummaru, "an ce an yi maki gata kin sa ƙafa kin shure. Gaskiya ne?"

"Baba, ka gafarce ni."

"Ban tambaye ki gafara ba. Mi ne ne aibin yaron nan?"

"Ba shi da aibi."

"To?"

Ta ji idon Ya'u a bayanta. Ta ce a ranta, gara ya tsane ni yana raye. Ta runtse ido.

"Ba na son shi, Baba."

Matan bakin madafa suka ɗauki salati. Hajiya ta tafa hannu. "Kun ji ko! Ɗana ne ba ta so. Na riƙe ta kamar ɗiyar cikina, ashe kallon banza take yi mana!"

Ma'u ba ta waiwaya ba, amma ta ji numfashin da Ya'u ya ja. Ta ce a ranta shi ke nan, ta yanka, ya wuce. Ya tsira. Sai ta koma Kurfi ta zauna ɗakin uwarta, ta yi ta saƙar hula har abin da Allah zai yi.

Kayya! Ba ta san ubanta ya zo da tasa a aljihu ba.

"To madalla," in ji Malam Ummaru. "Ni ba na yi wa bazawara dole, addini ya ba ki bakinki. Amma ba zan ajiye mace kamarki a gida ba aure ba, gari ya yi ta nuna ƙofata. Alhaji Lado na Wurma ya yi mini magana tun ranar addu'ar bakwai, na ce ya dakata, gidan mijinki sun fi shi haƙƙi. Tun da kin ƙi nan, sai can. Mutumin kirki ne, matansa biyu, suna zaune lafiya, ƙaramar ma jego take yi."

 Ma'u ta san gidan Alhaji Lado. Ƙaramar matar, Mairo, tare suka yi makarantar allo, tare suke zuwa ɗiban ruwa.

"Baba, shi ma ba zan iya ba."

"Shi kuma mi ya yi?"

"Ba na son aure. Kowa ma. Ka bar ni in zauna haka."

"Haka yaya?" Muryar dattijon ta tashi. "Kina da ƙuruciyarki ki ce ba ki son aure? Irin matan da ke faɗin haka mun san inda suke ƙarewa, ga su nan bayan tasha. Ko can kike so?"

"Wallahi a'a, Baba!"

"To zaɓi. Ya'u ko Alhaji Lado. Ba zan hau mota in koma Kurfi ba sai da amsa."

Ta duba ta ina za ta ɓullo. In ta ce Ya'u, shi za ta kashe da hannunta. In ta ce Alhaji Lado, gida guda za ta shiga da shi, har da mai jego. In ta faɗi gaskiya, ta tona asirin mamaci a gaban uwarsa, ta kashe kanta da rai, ta shafa wa Fatu abin da har ta girma za a riƙa nuna ta da shi. Ta ji ɗumin yarinyar a bayanta, tana barci abinta.

"Ina jin ki," in ji ubanta.

"Baba, akwai dalili."

"Faɗe shi."

"A bar ni in faɗa maka kai kaɗai."

"A'a!" Hajiya ta miƙe tsaye. "A gabana kika ce ba ki son ɗana, a gabana za ki faɗi dalili. Mu ba mu da abin ɓoyo a gidan nan."

Ma'u ta dubi tsohuwar. Tana son matar nan, ita ta yi mata wankan jego da hannunta. Ta ji tausayinta ya kama ta har ya fi tausayin kanta.

"Hajiya, ki yafe mini. Ba sammu ne ya kashe baban Fatu ba. Ƙanjamau ne. An auna shi a Legas, ya sani kafin ya rasu. Ni ban san ko yana jikina ba, ba ni da hanyar sani. Duk wanda na aura ina iya sa masa. Ba ƙin Ya'u nake yi ba, Baba. Ban taɓa ƙin sa ba ko na rana ɗaya."

Ana jin kwandastoci suna kiran Katsina daga tasha.

Sai Hajiya ta ƙwalla ƙara. "Ƙarya kike yi! La'ananniya! Ɗana yana kabari za ki yi masa ƙazafi? Wa ya gaya maki? Faɗi sunansa!"

"Ba zan faɗa ba."

"Don ba kowa! Ke kika ƙirƙira!"

Amma matan bakin madafa ba su jira hujja ba. Wadda ke riƙe da moɗar gidan ta ajiye ta a hankali, ta goge hannu a zane. Wata ta fizgi ɗanta ta yi waje. Malam Ummaru ya gyara zama. Ma'u ta ga ya janye gefen rigarsa daga inda gwiwarta take. Ubanta ne fa, shi ya yi mata huɗuba a kunne.

"Ki bar mini gida yau ɗin nan," in ji Hajiya, tana haki. "Amma jikata ba inda za ta. Jinin Ɗanmusa ce. Kwance ta!"

"Hajiya, don Allah, ba a yaye ta ba."

"Kwance ta na ce!"

Ma'u ta dubi ubanta, ya kawar da kai. Ta warware majanyi, ta sauko da Fatu. Yarinyar ta farka ta fara kuka. Ma'u ta sumbaci goshinta, ta miƙa ta da hannu biyu.

"Ga ta."

Hajiya ta taho da sauri, ta miƙo hannu. Saura kaɗan ta taɓa yarinyar sai ta tsaya. Ta dubi yawun da ke dalala a haɓar Fatu, ta dubi Ma'u. Hannuwan suka koma baya da kansu, ta ɓoye su cikin mayafi.

"Wata ta karɓe ta," ta ce da wata irin murya.

Ba wadda ta motsa. Matan da jiya-jiya suke rige-rigen goya Fatu, kowacce ta sunkuyar da kai. Ma'u tana durƙushe, hannuwanta a miƙe sun fara gajiya, yarinya tana ta wutsil-wutsil a sama tana neman wanda zai ɗauke ta.

Sai aka ji takun takalmi daga zaure. Ya'u ya ratsa tsakar gidan, bai dubi kowa ba. Fuskarsa jiƙe take da hawaye, bai damu ya share ba.

"Ya'u, kada ka taɓa ta!" in ji Hajiya. "Kai kaɗai ka rage mini!"

Ya sunkuya ya karɓi Fatu, ya ɗora ta a kafaɗa, ya sa bakin farar rigarsa ya goge mata haɓa. Yarinyar ta cusa fuska a wuyansa, kukan ya fara lafawa.

"Tashi, Ma'u," ya ce. "Ɗauko mayafinki."

"Ina za ni?" ta tambaya. "Wa zai buɗe mini ƙofa?"

Ya'u ya dubi uwarsa, ya dubi Malam Ummaru, ya dubi matan unguwa ɗaya bayan ɗaya, yana jira wani ya amsa mata. Ba wanda ya ɗaga kai.